Tankin goyo da sandar ruwa: ya dace da wanda ya tsufa a kan tsani da bokiti?

Malam Garba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga. Shekarata 23 ina wanke tagogi da tsani da bokiti, soso a hagu robar share ruwa daga gilashi a dama, kuma har yau babu wanda ya taɓa mayar da ni aiki. To amma gwiwa ta fara kawo ƙara. Ranar Talatar da ta wuce ina kan tsani a tagar bene, ƙafarsa ɗaya ta lume cikin ƙasar da aka yi wa ban ruwa, na ji ya karkata da ni. Da sauran shan ruwa a gaba, na rungume bututun jikin bango har ya tsaya. Na sauko na zauna a dakali, minti goma hannuna bai daina rawa ba.

Ba ni da babbar motar da zan girka wa ƙaton tanki, ƙarama ce da ni. Shi ne yarona ya nuna mini wannan tankin goyo mai batir, wanda ake haɗa wa tiyo da doguwar sanda mai buroshi a ka, mutum yana ƙasa yana wanke tagar sama. Abin nan ya dace da irinmu, ko kuwa saya zan yi in jingine a bayan ƙofa?

Sadiku:
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara kiyayewa. Saya kawai. Shekarata biyu da shi, tsanina har ya yi ƙura. Gidan da nake ɓata minti arba'in a da, yanzu ashirin na gama na tattara kayana.

Alhaji Ɗanlami:
Garba, sannu da arziki. Kafin yaran nan su ɗora ka a keken ɓera, tambaye su abu ɗaya: ta yaya mutum zai wanke abin da idonsa ba ya gani? In kana kan tsani hancinka na kusa da gilashi, kana ganin kashin ƙuda, kana ganin ɗigon fenti, ka zaro reza ka kankare. Shi kuwa mai sanda yana ƙasa ya ɗaga kai kamar mai duban wata, ya jiƙa taga sharkaf ya juya ya tafi. Wannan ban ruwa ne, ba wanki ba.

Auwalu:
Alhaji ya fara. A kawo kujeru.

Injiniya Bala:
Alhaji, da girmanka, bari in gyara wannan magana ta barin taga a jiƙe, don a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Malam Garba, abin da za ka saya ba tankin ba ne, ruwan ne. Tankin dai mazubi ne da ɗan inji mai batir mai bolt 12. Ruwan famfo yana ɗauke da narkakkun ma'adinai, galibi kalsiyam da magniziyam. In ya bushe a gilashi ruwan ya tafi, su kuma su zauna, su ne wannan farin ɗigo-ɗigon. Abin da ya sa kake bin sabulu da roba ke nan, don ka kwashe ruwan kafin ya bushe. In aka tace ruwa aka fitar da ma'adinan nan, ba abin da zai bari a baya, sai ya bushe tas da kansa.

Akwai 'yar mita kamar alƙalami, ana ce mata mitar TDS. Ka tsoma ta a kofin ruwa ta nuna lambar yawan ma'adinan da ke narke a ciki. Abin da muke nema 000. In ta haura 010, ɗigo zai fara fitowa, musamman a tagar da rana ke duka. Hanyar tacewa biyu ce. Ta farko tulun rezin, wasu ƙananan ƙwayoyi ne kamar ƙwan kifi, ruwa ya bi ta cikinsu su kama ma'adinan. Ta biyu matatar RO, wadda ke matsa ruwa ta cikin wata fata mai tsananin laushi ta cire fiye da kashi 90 cikin ɗari, sannan rezin ya ƙarasa ragowar. In ruwan gidanka yana nuna ƙasa da 100, rezin kaɗai ya wadatar. In yana nuna 300 ko 400, rezin zai riƙa mutuwa da wuri har ka ji kamar rezin kake yi wa aiki, dole sai RO. Saboda haka kafin ka sayi ko da tiyo, sayi mitar nan ka auna ruwanka. Ita ce mafi araha a kayan duka, ita ce kuma za ta faɗa maka gaskiya.

Malam Garba:
Injiniya na gode. Ke nan ba sabulu ko kaɗan?

Injiniya Bala:
Ko ɗigo. Buroshi ne ke tayar da dattin, ruwa ya kore shi ƙasa.

Alhaji Ɗanlami:
Ka ji fa. A da bokiti ɗaya da ɗan sabulu ka fita aiki. Yanzu sai ka zama mai harhaɗa magani da dare, ka zama ɗan dako da safe. Ku faɗa masa nauyin abin mana.

Maman Hanifa:
A nan kam Alhaji ya yi gaskiya, kuma ni zan faɗa masa. Ina da yara uku da ke yi mini aiki, tankin goyo biyu muke da su masu cin lita 20. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Lita 20 kilo 20 ke nan, ka ɗora nauyin tankin da batir da inji, ka doshi kilo 25. Baba Garba, mai gwiwar da ke kawo ƙara ba zai goya wannan ya wuni da shi ba. Sunan ne kawai goyo. Ranar farko ɗaya daga cikin yarana ya goya shi da gaske, ya ɗaga sanda sama ya gantsare yana kallon taga, ruwa na kai da komo a bayansa. Kafin azahar ya zauna a ƙasa ya ce ƙugunsa ya tsinke. Tun daga ranar muka ɗaure tankunan a kan 'yar kura mai taya biyu, muka ƙara tsawon tiyo zuwa mita 15. Ka ja ta ka ajiye a kusurwar gida, daga nan ka ci gefe biyu ba ka taɓa ta ba. Sai in za a bi ta lungu ko a haura matakala ake ɗaga shi da hannu.

Sadiku:
Ni ma ba na goyawa, Mama. Na manta ban faɗa ba.

Auwalu:
Ka manta da kilo 25? Allah ya ba mu irin ƙugunka.

Maman Hanifa:
Sai lissafin ruwa, shi ma a faɗa masa. In ka saita inji yana ba da lita ɗaya da rabi a minti, lita 20 ba ta kai minti goma sha huɗu tana zuba ba. Sabon hannu yakan ƙarar da tanki guda a gida guda, don yana tsoron kada ɗauraya ta gaza. In hannu ya faɗa, kuma tagogin sama kaɗai kake yi, tanki ɗaya zai kai ka gida biyu ko uku. Ragowar ruwan yana cikin jarkoki a mota. Jarka shida masu lita 25 kilo 150 ne, kamar ka ɗauki ƙarti biyu a kujerar baya. Ka duba abin da motarka za ta iya, kuma ka ɗaure su, don in ka taka birki da ƙarfi jarka ba ta san mai gida ba. Ni abin da ya fi gajiyar da yarana ba sandar ba ce, ɗaga jarka a juye a tanki sau takwas a rana ne. Daga baya na ce su riƙa cika jarkokin rabi da kwata.

Alhaji Ɗanlami:
To Garba, ka gudu daga ciwon gwiwa ka faɗa ciwon baya da na wuya. Ina ribar?

Malam Garba:
Alhaji, ciwon baya ana shafa magani a kwanta. Wanda ya faɗo daga tagar bene kan siminti ba lallai ya sami damar shafawa ba. Ka san ni, ba na wasa da kafa tsani, taku ɗaya waje a kan kowane huɗu na tsawo, haka aka koya mana. Ranar Talata ma haka na kafa shi. Ƙasa ce ta ci amana.

Alhaji Ɗanlami:
Wannan haka yake. Ban ce tsani ba ya kisa ba, na binne abokin sana'a saboda shi. Abin da ke ƙona mini rai raina aikin hannu da yaran nan ke yi. Robar nan da kuke gani tun 1936 Ettore Steccone ya fito da irinta a Amurka, shi ma mai wankin taga ne, kuma har yau ba a sami abin da ya kore ta ba. Yaro ya yi wata uku da sanda ya ce shi ƙwararre ne, ka miƙa masa roba ka ce ya juya ta daga sama har ƙasa ba tare da ya ɗaga ba, sai ya tsaya yana kallonka.

Sadiku:
Baba Alhaji, ai a Ingila ma an hana hawa tsani gaba ɗaya. Duniya ta wuce wurin.

Injiniya Bala:
A'a Sadiku, kada ka yaɗa wannan. Dokar aiki a sama da suka kafa a 2005 ba ta haramta tsani ba. Cewa ta yi in akwai hanyar da za a yi aikin daga ƙasa cikin sauƙi, to a bi ta, a bar tsani ga gajeren aikin da haɗarinsa kaɗan ne. Ita ce dai ta ƙara tura masu wankin taga da yawa can zuwa ga sanda. Sandar kanta ba sabuwa ba ce, an daɗe ana amfani da ita a Amurka da ruwan famfo da sabulu. Tataccen ruwa ne ya zo ya canza lissafin.

Sadiku:
Na karɓi gyara, Injiniya.

Kabiru Dogo:
Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta taɓa ni, don shekara 15 na yi a kan roba kafin in ɗauki sanda, kuma saura ƙiris in jefar da ita a watan farko. Yaya Garba, abin da ba wanda ya gaya mini shi ne wankin farko. Tagar da ka shekara kana wankewa da sabulu, sabulun nan yana nan maƙale a cikin robar gefen gilashi da saman firam da ramukan shan iska. Ran da ka kawo tataccen ruwa sai ya jiƙa shi ya zaro shi. Ka bar taga tana ƙyalli, bayan awa ɗaya ka dawo ka tarar da layuka sun gangaro daga sama kamar hawaye. Gida huɗu suka kira ni a mako guda. Wata dattijuwa da na yi wa aiki shekara tara ta kama hannuna ta kai ni ɗakinta na sama, ta nuna mini tagar da rana ta haska, ta ce, "Kabiru, me na yi maka?" Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ɗauka ruwan ne, na auna, 000. Ashe hannuna ne. Ga yadda na koma yi. A wankin farko firam nake fara ci, musamman na sama, in goge shi sosai in ɗauraye. In yi haka a duk tagogin gefe ɗaya na gidan, in bar su su gama ɗiga. Sannan in dawo kan ta farko in wanke gilashi zalla, ban ƙara taɓa firam na sama ba, in ɗaga buroshi kaɗan daga jikin gilashi in ɗauraye daga sama zuwa ƙasa a hankali. Wankin farko yana cin lokaci ninki biyu da ruwa ninki biyu. Sai a na biyu ko na uku za ka ga saurin da Sadiku ke faɗa. Kada ka juya duk gidajenka a mako ɗaya. Ɗauki biyar na masu haƙuri ka fara da su, kuma ka yi musu bayani tun kafin su ga ka tafi ka bar taga na ɗiga.

Wani abu kuma: gilashi iri biyu ne a wajen ɗauraya. Wani ruwa na shimfiɗuwa a kansa kamar zane, wannan ba ya ba da wahala. Wani kuma ruwan sai ya dunƙule ya rabu gida-gida, wannan sai ka bi shi layi-layi, in ka yi gaggawa ya tona maka asiri.

Malam Garba:
Kabiru, Allah ya saka da alheri. Wannan ita ce maganar da nake nema. Akwai tagogin da sanda ba ta yi musu ko an yi haƙuri?

Kabiru Dogo:
Akwai. Tsohon firam na katako da fentinsa ke ɓarewa, da tsohon alminiyam da ya yi gari, in ka shafa yatsa ya fito fari. Waɗannan ruwa kamar madara suke zubarwa a kan gilashi. Tagar da ke yoyo kuma za ka jiƙa wa mutane labule. Ɗigon siminti da fenti bayan gini, buroshi ba ya cire su, sai reza. Cikin gida kuwa ba a ma maganarsa.

Alhaji Ɗanlami:
Ƙara da gaban shaguna. Mai shago ba zai yarda ka malale masa ƙofa da ruwa masu saye na tsallakawa ba. Kuma babban gilashin ƙasa, kafin ka warware tiyo na gama da roba na karɓi kuɗina.

Kabiru Dogo:
Ban musa ba Alhaji. Har gobe tagogin ƙasa da roba nake yi. Shi ya sa nake ganin tankin goyo ya fi dacewa da tsohon hannu a kan sabon shiga. Wanda bai iya roba ba komai da sanda zai yi, lita 20 ba za ta kai shi ko'ina ba, gara ya nemi babbar mota. Mu kuwa sama da sanda, ƙasa da roba, ruwa kaɗan ya ishe mu. Sharaɗi ɗaya, ka fara da sama, ka bari ta gama ɗiga kafin ka taɓa ta ƙasa, in ba haka ba ka yi aikin baban giwa.

Maman Hanifa:
Ni a nan muka ɗan saɓa da Kabiru. Haɗa biyun a gida ɗaya yana sa kwastoma ya riƙa kwatantawa: ta ƙasa a bushe tana walƙiya, ta sama a jiƙe. Na fi son gida ya zama na sanda gaba ɗaya ko na roba gaba ɗaya. Amma fa sanda na da abin da ke saye zuciyar mata masu gida, firam da gindin taga duk suna fita fes a kowane zuwa, da yanar gizo-gizon kusurwa. Mai tsani sau nawa yake wanke firam in ba an biya shi daban ba?

Alhaji Ɗanlami:
Ni ina gogewa.

Auwalu:
Da tsumman da ya goge gida goma, Alhaji?

Alhaji Ɗanlami:
Auwalu, abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau tsani mai hawa uku ba zai gani ba. Bare ku da kuka daina hawa.

Shugaban zaure:
A yi raha amma a kiyaye girma. Mu koma kan tambayar Malam Garba.

Injiniya Bala:
Saura maganar sanda, kuma ina roƙon kowa ya karanta wannan. Iri uku ne a kasuwa: alminiyam, faiba, da kabon. Faiba ta fi araha amma tana da nauyi, in ka zare ta duka sai ta riƙa lanƙwasa kamar sandar kamun kifi. Kabon ba nauyi kuma a miƙe take, ga mai shekaru ita ce ke ceton kafaɗa. Kada ka sayi wadda ta fi aikinka tsawo, ƙafa 18 zuwa 22 ta isa gidan bene na yau da kullum, duk abin da ya ƙaru nauyi ne za ka wuni kana ɗagawa. Amma kabon da alminiyam duka suna ɗaukar wutar lantarki, jiƙaƙƙiyar sanda kowace iri ce ba abin yarda ba ce. Mai tsani ya saba duba ƙasa, inda zai kafa. Mai sanda sama zai fara dubawa. Babbar waya ba sai ka taɓa ta ba, kusantarta ma ya isa wuta ta yi tsalle. In ka ga waya kusa da taga, bar tagar. In za ka canza wuri, naɗe sandar tukuna.

Kada kuma ka bar ruwa ya kwana da kwanaki a tanki cikin zafi. Tsakanin digiri 20 zuwa 45 ƙwayar cutar Legionella ke yaɗuwa a ruwan da ke zaune, kai kuma feshinsa kake shaƙa. Juye ragowar ka bar tankin ya sha iska. Masu aiki inda ake ƙanƙara su ma su tuna ruwan da suka zubar a hanya zai daskare ya kayar da wani.

Sadiku:
Baba Garba, ka kuma ja da baya daga bango in kana aiki, kada ka tsaya a gindinsa. Wuya ya fi hutawa. Kuma da ƙafa ake tura sanda, ka matsa gaba ka dawo baya, ba da kafaɗa ba.

Malam Garba:
Ka ga yaro ya koya wa tsoho tafiya. Na ji duka. Mita zan fara saya.

Malam Garba:
'Yan'uwa, na dawo da rahoto bayan mako biyar. Ruwan gidana 85 ya nuna, don haka tulun rezin kaɗai na saya. Na ɗauki tanki mai lita 20 da sandar kabon ƙafa 22, na ɗaure tankin a kura kamar yadda Maman Hanifa ta ce. Tagogin gidana na fara yi wa, sau uku, matata tana leƙowa daga ciki tana nuna mini inda na tsallake. Daga nan na ɗauki gida shida.

Biyar lafiya lau. Na shida ya kira ni washegari, na hau tsani na duba da idona, kashin tsuntsu ne da ya bushe a kusurwa, na wanke kewayensa na bar shi daram. Alhaji, ka ci wannan. Yanzu in na ga irinsa jiƙa shi nake fara yi in wuce wata tagar, in dawo ya yi laushi. Akwai kuma wata taga a saman rumfar gilashi da shekara bakwai ina ba mai gidan haƙuri don ba inda zan kafa tsani. Minti biyu ta ɗauke ni. Mutumin ya fito ya tsaya yana kallo kamar na yi dabo.

Sauri dai ban gan shi ba tukuna, kusan lokaci ɗaya nake ɓatawa, ga tace ruwa da dare da cajin batir da na manta sau biyu. Kafaɗa ta yi tsami makon farko, ta saki. Gwiwa kuwa ta yi shiru. Tsani yana kan mota har yanzu, jiya sau biyu kacal na sauke shi, a da ya fi sau talatin.

Alhaji Ɗanlami:
Na ce ido ya fi buroshi, ga shi ka shaida da bakinka. Wannan ta saman rumfar, ƙafa 22 ɗin ce ta kai, ko sai da ka ƙara wani abu a wuyan buroshin? Akwai wani gida da nake yi mai irinta.

Auwalu:
Jama'a ku zo ku gani.

Alhaji Ɗanlami:
Tambaya kawai na yi.

Malam Garba:
Ta kai, amma sai da na karya wuyan buroshin ya kwanta sosai, na kuma ja baya har jikin katanga. Ranar Asabar ba ni da aiki da yamma, in kana so in kawo maka ka riƙe ka ji nauyinta. Injiniya, mitata ta fara nuna 004 a bakin tulu, in canza rezin yanzu ko in ƙara mako?

Injiniya Bala:
Ci gaba da shi, amma ka riƙa aunawa kowace jarka. In ya fara hawa ba ya hawa a hankali, yau 004 jibi ka ga 015. Ka ajiye sabon rezin a kusa, da ta taɓa 008 ka juye.